Jirgin da Tanimu Bai Ɗaure Ba

Raina na hannu cuta ce, kuma ko boka ba shi da maganinta. Ga abin da aka nuna mini a kanta, mai kunne ya ji.

Zazzaɓi ne ya kwantar da ni bayan azahar a gindin giginya, barci ya sace ni. Sai na gan ni cikin jirgin maƙwabcina Tanimu masunci, mutumin da bai taɓa kai loma baki ba sai ya kalli ƙetare ya yi tsaki. A goshin jirgin wata tarwada ce zaune, tana murza gashin baki.

Na ce, "Baiwar Allah, ina muka nufa?"

Ta ce, "Inda idon wannan ya riga mu zuwa."

Na waiga, ga tsibirinmu can baya, bukkoki suna tari, tuluna sun jeru suna tafiya rafi da ƙafarsu suna mita. Na duba gaba, ga na ƙetare. Fitilu sun nuna a bishiya kamar mangwaro, ba sa mutuwa, har zakaru sun rasa abin yi sun koma gadi. Famfo na bin mutane yana roƙon a sha. Awaki ma da takalma.

Tarwada ta ce, "Baba Gado, leƙa ƙasa."

Na leƙa. Ashe tsibiran biyu a sanda ɗaya suke rataye, irin ta ɗan garuwa. Namu ya rinjaya da kaya har ruwa na lasar gindinsa, nasu ya yi sama yana shan iska.

Na ce, "Wa ya yi wannan ɗauri?"

Ta ce, "Tambayi mai cin kifinku."

To, mu a wurinmu masunci yakan ɗaure jirgi kafin ya yi sallama, ko da gobara ya tarar a gidansa. Amma muna taɓa gaɓa Tanimu ya yi tsalle ya dire.

Jirgi ya ce, "Maigida, igiya."

Ya ce, "Rufe mini baki, tsohon katako. Nan jirage da inji suke."

A bakin gari wata kujera mai laushi ta tare shi, ta ce, "Sannu baƙo. Me ka kawo mana?"

"Kaina na kawo."

"Kai muna da shi har ya yi yawa. Ina kifin?"

"Kifi ai sai da koma."

"Ina komar?"

"Tana cikin jirgi."

"Ina jirgin?"

Ya juya. Jirgi kuwa ya yi fushi ya kama hanya da mu. Tanimu ya biyo gaɓa a guje, laka ta riƙe masa takalmi, yana kira, "Baba Gado, don Allah riƙe shi!"

Firgigit na farka, kiran bai tsaya ba. Ashe jirgin injin 'yan ƙetare ne ya zo sayen kifi, Tanimu ya dire ya tafi shafa injin yana tambayar sunansa, ya bar nasa sake, ruwa ya yi gaba da shi.

Maganar sandar nan har yau ban warware ta ba. Ta Tanimu kuwa a fili take, garin neman gira ya rasa ido. Ga asarar: jirgi ɗaya, koma biyu, filafilin tuƙi, kwandon kifin ranar, da takalmi ƙafar hagu. Ƙafar dama tana nan, matarsa Ladi tana korar kaji da ita.