Muntari Biyu a Tashar Kibiya

Amiru ya kashe babur a bakin tashar Kibiya, amma ya kasa sauka. Tun daga Rano yake gudu, sau biyu yana kusan faɗawa rami, maganar mahaifiyarsa tana yi masa amsa-kuwwa a kunne.

Da safe ne ya faɗa mata ya samu matar aure, Jannatu, 'yar Muntari direba na Kibiya. Kwanon koko ya suɓuce daga hannun Inna Lubabatu. Ta dafa bango.

"Malam Mato riƙonka ya yi, ba shi ya haife ka ba," ta ce da ƙyar. "Na taɓa aure a Kibiya, muka rabu ina da cikinka. Sunan mijin Muntari, direba ne."

Bai tsaya jin sauran ba. Shekara biyu yana zuwa zance wurin Jannatu. Idan ƙanwarsa ce fa?

A ƙarƙashin rumfar 'yan kamasho ya tarar da wani dattijo yana ɓare gyaɗa, wanda kowa a tashar ke kira Bappa. Amiru ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, Muntari direba nake tambaya."

"Wanne? Biyu ne ai. Akwai Dogo, akwai Baraka."

Amiru ya ambaci sunan mahaifiyarsa da na kakansa. "Wanda ya taɓa auren wata Lubabatu, 'yar Saji."

Dattijon ya daina ɓare gyaɗar. "Baraka ke nan. Allah ya ji ƙansa, bara ya rasu."

"Shi ne mahaifin Jannatu?"

"Ina! Jannatu ai 'yar Dogo ce, ga motarsa can ana lodin albasa. Suna kawai ya haɗa su."

Amiru ya zame ya zauna a ƙasa. Wata dariya ta ƙwace masa, hawaye suna zuba. Ya yi ta maimaita Alhamdulillahi har mutane suka fara waiwaye.

"Baraka bai bar ɗa ko ɗaya ba," Bappa ya ci gaba, kamar da kansa yake magana. "Ita 'yar Sajin ta haihu a gidansu, danginta suka ji tsoron Baraka zai karɓe yaron, in ji masu faɗa. Mu dai aiko mana aka yi wai jaririn bai zo da rai ba. Baraka ya yarda. Har ya mutu, duk azumi sai ya yi wa yaron nan sadaka."

Dariyar Amiru ta tsaya.

Bappa ya matso, ya ƙura masa ido, daga goshi zuwa haɓa. Gyaɗar ta zube daga cinyarsa.

"Yaro, kai ɗan wane ne?"

Amiru ya buɗe baki. Ya tuna Malam Mato yana goye da shi zuwa asibiti, da ya yi ƙyanda, yana tafe yana addu'a. Sunan wa zai kira, Mato ko Baraka?

"Akwai wanda ya rage a gidan Baraka?" ya tambaya.

"Tsohuwarsa. Idonta ya tafi, amma tana nan da ranta."

Amiru ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa. Sai da ya buga babur ɗin sau uku kafin ya tashi.

"Hau, Baba," ya ce. "Amma in mun je, kai za ka fara shiga."