Miyar Wake da Jirgin Sietske

Shekara ashirin Sietske tana tuƙa jirgin fito a tafkinmu na Firisland, a ƙasar Holan, ni ina ɗaure igiya. Tsallakawa minti arba'in ce, jirgin kuma ba banɗaki. Ba wanda ya damu, sai da ta ci ɗanyen niƙaƙƙen naman sa a bikin ƙauye, irin wanda muke shafa wa burodi muna taƙama. Mako guda tana gudawa da zazzaɓi. Zazzaɓi ya tafi, ciki bai koma daidai ba: murɗa, kumburi, matsuwa ba sallama.

Ta ɓoye ciwon, don mu nan mun ɗauki ƙorafi abin kunya. Wauta ce, kuma na faɗa mata ranar da ta juyo da jirgi daga tsakiyar ruwa da fasinja talatin.

"Douwe, rufe min baki ka kama igiya!" Ta ruga tudu.

Shugabanmu ya ce ko ta warke kafin bazara, ko ta koma rumfar sayar da tikiti.

Sai ta je wurin likita. Ya gwada ta, ya ce ƙwayar cutar ta mutu, amma ta hargitsa ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a hanji, hanjin ya zama mai saurin fushi. Ya tura ta wurin Marrit, mai ba da shawara kan abinci.

"Me kike ci?" in ji Marrit.

"Abin da ke gyara ciki mana. Miyar wake da albasa, da baƙin burodi, safe da rana. Haka uwata ke ba mu in mun tashi daga ciwo."

"Ajiye su na mako shida."

"Ke yarinya, miyar nan ta girme ki."

"Shi ya sa ta isa hutu, baba."

Sietske ta bi, tana ƙunƙuni. Bayan mako shida aka riƙa dawo da abincin ɗaya-ɗaya, tana rubuta abin da ciki ya ce. Burodi ya zauna lafiya, wake kaɗan ya zauna. Albasa ce mai laifin. Wata biyar tana ɗura wa kanta ita da sunan magani, don kawai ba ta son tambaya.

Ba ta warke sarai ba, har yau ciki yakan murɗa in ta gaji. Amma ranar da aka buɗe aikin bazara ta yi sawu takwas ba ta juyo ko sau ɗaya ba. Shugaba yana tsaye a gaɓa riƙe da makullin rumfar tikiti. Ta leƙo ta tagar jirgi.

"Mayar da shi aljihu, maigida. In za ka tsallaka, shigo, ba na jira."