Ƙuri'ar Baba Saidou

"Tashi mu tafi, Baba Saidou. Mota tana ƙasa, ban ma kashe ta ba," in ji Maiwada.

Saidou bai tashi ba. Yana zaune a bakin katifa, ya dafe ƙirji da hannu ɗaya, gumi na tsattsafo masa duk da na'urar sanyin da ke ta gurnani a bango. Dattijo ne mutumin Maradi, mai dafa shayi a wani ofis a unguwar Murabba a Saudiyya, kuma ɗakinsa na kallon na Maiwada direba a wani tsohon bene a Manfuha.

"Kai dai ka cika gaggawa," in ji shi. "Iska ce ta shige ni. Bari a yi ƙuri'a ranar Alhamis, sai mu tahi."

"Wace irin iska ce ke kama hannun hagu? Don Allah ka tashi."

"Inshora ta ƙare, kafil, ubangidan da ya yi mini takardun zama, bai sabunta ba. In na je, sai sun ce hoto, sun ce gwajin jini. Da me zan biya? In na taɓa kuɗin nan kafin wata ya mutu, sunana ya fita daga ƙuri'a. Ba kai ka faɗa mini ba?"

Shi ya faɗa masa kuwa.

Da can Saidou na da ajiyarsa a asusu irin na kowa, wanda malamai suka ce ribarsa halal ce. Duk wata 'yar riba ta faɗo, ya haɗa da abin da ya rage na albashi ya sayi maganin hawan jini, ya tura saura ga 'yarsa Zouera. Ba mai jin kansa. Sai bara Maiwada ya dawo daga kasuwar Batha baki har kunne, ya ga hoton wani da aka miƙa wa mukullin mota a gaban banki. Wai akwai asusun da ba a ba ka riba, amma duk ƙarshen wata a saka sunanka a ƙuri'a, ko mota ko miliyan.

"Haba Baba!" ya ce masa a lokacin, a gaban mutane, ana shan shayi. "Ribar da ba ta isa farantin shinkafar kabsa ba? Haka za ka koma Maradi da akwati ɗaya? Kuɗinka na nan ba abin da zai taɓa su, ga kuma sa'a."

Aka yi ta dariya. Washegari shi da kansa ya kai dattijon banki, shi ya danna masa komai a waya.

Abin da Saidou bai sani ba, Maiwada ya daɗe da ficewa. Watanni suka yi ta wucewa ko ƙwandala bai ci ba, matarsa Rahina ta kira daga Kano ta wanke shi tas. "Mutum nawa ne a cikin ƙuri'ar? Duk Saudiyya fa! Ribar da ka bari ita ce kuɗin wasan, kai kake biya." Ya lallaɓa ya mayar da nasa kuɗin tsohon asusu. Amma ya dubi idon dattijon da ya yi wa dariya ya ce masa na yi kuskure? Wallahi ya kasa. Kullum sai ya ce gobe. Ya ga lokacin da Saidou ya fara raba ƙwayar magani biyu don ta kai shi wata, ya kau da kai.

Yanzu ga shi tsaye a ƙofa, maganar na bakinsa.

"Baba, ni zan biya. Yalla, mu je."

"Da wane kuɗi? Kai ma naka na ciki. Ba zan sa ka rasa rabonka don ni ba, ɗana." Ya yi murmushi da ƙyar. "Jikina na ba ni wannan watan namu ne. In mota ce, kai za ka tuƙa. In kuɗi ne, Zouera ta samu injin niƙa, ta huta da wankau."

Kalma huɗu ce kawai: na fita tun tuni. Maiwada ya buɗe baki, kunya ta hana shi faɗa. Wayarsa ta yi ƙara, uwargidan nasa kafil ɗin ce tana neman a kai ta kasuwa.

"To zan kawo maka maganin ciwon jiki," ya ce, ya sauka yana jin haushin kansa.

Da la'asar ya dawo da ledar magani ya tarar da ƙofar a buɗe. Salissou, wanda suke ɗaki ɗaya da Saidou, na tsugune a ƙasa yana salati. Ya dawo daga aiki ya sami dattijon kishingiɗe jikin bango, rai ya yi halinsa, butar shayi na kan wuta ta ƙone ƙurmus.

Ledar ta suɓuce daga hannun Maiwada.

Sai da kafil ya gama zirga-zirgar takardu aka ba su gawa. Ranar Alhamis aka yi masa salla, aka kai shi maƙabartar da ba a rubuta sunan kowa, dutse kawai a kai da ƙafa. 'Yan Maradi da 'yan Kano suka dawo bene suka zauna a kan tabarma, ana ta cewa mutumin kirki ne, bai taɓa faɗa da kowa ba. Maiwada ya kasa haɗa ido da kowa.

Salissou ya miƙo masa waya. "Ɗiyarsa ce. Kai take nema."

Muryar Zouera ta dushe don kuka. "Kawu Maiwada? Baba kullum sai ya yi zancenka. Ya ce kai ka nuna masa hanyar arziki, ka riƙe shi kamar uba. Allah ya saka maka da alheri."

"Amin," in ji Maiwada, da wata murya da shi kansa bai gane ba.

"Ya sha wahala? An kai shi likita?"

Ya dubi mutanen da ke kewaye da shi. Duk sun zuba masa ido.

"Ba a kai shi ba," ya ce. "Ni ne ban kai shi ba."

Sai ta ce kwana ne ya ƙare, kada ya ɗora wa kansa. Wannan ya fi masa zafi a kan ta zage shi.

Da mutane suka watse aka bar shi ya haɗa kayan mamacin. Ba su da yawa, akwati ɗaya ya ɗauke su. A kan taga ya ga wani ɗan faranti, da reza a gefe, da rabin ƙwaya fara. Yana tsaye a wurin wayar Saidou ta yi haske a kan katifa. Saƙon banki ne: an yi ƙuri'ar wannan wata, a ci gaba da ajiya, wataƙila wata mai zuwa.

Hasken ya ɗan jima, sannan ya mutu. Maiwada ya zauna a bakin katifar, rabin ƙwayar na tafin hannunsa.