Kujerar Aro

A farkon shekara kamfanin ya sauya tsarin lasisin manhajar zane. Da can kowane injiniya yana da nasa, da sunansa a kai. Yanzu an sayi goma, mutum talatin za su riƙa karɓa-karɓa. Mai buƙata ya ara, in ya gama ya saki, wani ya ɗauka. Ma'aikata suka raɗa wa lasisin suna kujera.

Yaya, wadda ta fi kowa daɗewa a sashen zanen bututun ruwa, ita ta fara lura. Wata safiya ta ari kujera bayan abokin aikinta Dogo, sai ta tsinci kanta tana taunar murfin biro. Ba ɗabi'arta ba ce, ta Dogo ce. Da ta dubi teburinsa, bironsa na ajiye, bakinsa a rufe. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Bayan kwana biyu ta saki kujera, Gwauro na bakin taga ya ɗauka. Can sai ta ji yana rera wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ita ta ƙirƙiro ta, tana yi wa 'yarta in tana taje mata kai. Ta so ta bi shi a zuci, ta nemi baiti na gaba ta rasa.

"Gwauro, ina ka samo wannan waƙar?"

"Ni? Haba Yaya. Ni da ko kyanwa ban ajiye ba, wa zan yi wa waƙa?"

Ta sauka ƙasa wurin Mai Makulli, jami'in da ke raba lasisi. Ɗakinsa ba taga, ga sanyin na'ura, shi kuwa yana sanye da rigar sanyi da tsakar rana.

"A mayar mini da nawa," ta ce. "Mai sunana."

"Mai suna na 'yan bene na sama ne, Yaya. Akwai wanda ake ɗaure wa kwamfuta ɗaya, shi ma na ɗakin gwaji ne. Ku na aro aka ba ku."

"Abin da mutum ya bari a kujera fa, yana dawowa?"

Bai tambaye ta me take nufi ba. Ya gyara zaman tabarau, ya dubi allonsa.

"Yarjejeniyar ba ta ce komai a kan haka ba."

"Kai kana hawa?"

"Ni rabawa nake." Ya juyo ya dube ta. "In kin riƙe, kada ki bar ta rabin awa ba motsi. Na'ura za ta karɓe da kanta."

Washegari ta riga kowa zuwa, ta ari kujera, ta ƙi saki. Ta ci abinci a kan tebur, hannu ɗaya a cokali, ɗaya a linzamin kwamfuta. Ta ƙudurta ba za ta sake barin komai na 'yarta a wurin ba.

"Yaya, gadon gidanku ce?" in ji Dogo. "Mu ma muna da aiki."

"Ku yi haƙuri."

"Haƙuri ba ya zana bututu," Gwauro ya ce. "Ni ne na gaba a layi, ki sani."

Da azahar mijinta ya kira. Motarsa ta mutu a hanya, ba zai iya ɗauko yarinyar daga makaranta ba. Yaya ta dubi allon, ta dubi agogo. Zuwa da dawowa ya fi awa. Ta motsa linzamin, ta ɗauki jaka.

Ta fita da gudu-gudu. A cikin bas zuciyarta na bugawa, tana ganin yarinyar tsaye ita kaɗai a bakin ƙofa. Cunkoso ya tsayar da su wajen gada. Suna nan tsaye rabin awa ta cika da barinta ofis, sai bugun ya lafa. Ta jingina da kujera, tana kallon wani mai sayar da tsintsiya, ta ma taya maƙwabciyarta hirar tsadar haya. Sai da ta wuce tasharta sannan ta tuna inda za ta. Ta sauka, ta dawo a ƙafa, ba sauri.

Makarantar ta watse. A bakin ƙofa akwai babur a yashe, injinsa bai mutu ba. Gwauro na durƙushe gaban yarinyar, gumi ya jiƙa masa riga, yana duba fuskarta, yana gyara mata igiyar jaka.

Ya ɗago ya ga Yaya. Idanunsa sun yi ja.

"Wallahi ban san me ya kawo ni ba," ya ce. "Ina cikin zane sai na ji kamar raina zai fita. Ban taɓa zuwa unguwar nan ba, Yaya."

Yarinyar ta sako hannu cikin na uwarta. Yaya ta riƙe. Ta san sunanta, ta san ajinta, ta san ba ta son madara. Ta tsaya tana jiran sauran ya zo.

"Mama, mu tafi?"

"Mu tafi," ta ce.

Gwauro ya bi su da kallo, yana cewa su yi hankali da titi.