Farar shadda a cikin tabarma

Manu yana aiki a wani biro, wato ofis, a Dungas, gidansa kuma yana ƙauye, kuma tsakaninsu akwai rairayin da ke sa mai keke ya jiƙe da zufa tun kafin hantsi. Duk rigar da ya saka daga gida, sai ta isa kamar akuya ta tauna ta. Ya gwada leda, ya gwada jaka, duk a banza. Ga shi ranar Laraba sabon shugaban sarbis, wato mai kula da sashensu, zai zaɓi wanda zai riƙa tarbar baƙi, an kuma raɗa wa Manu cewa mutumin ya fi duban riga a kan takardar shaida. Tun da ya ji haka tuwo ya daina yi masa daɗi.

Da safiyar Larabar, matarsa Rahina ce ta kawo dabara. Ta shimfiɗa farar shaddarsa, wadda ta sha sitaci da guga, a kan sabuwar tabarmar kaba, ta naɗe su tare a hankali yadda babu inda zai karye. Tana aikin tana jijjiga jaririyarsu Ruma'isa a baya, wadda zazzaɓi ya hana kama nono tun shekaranjiya. Ɗansu na fari ma da zazzaɓi ya tafi, shi ya sa a gidan ba a cika ambatar kalmar ba.

"Jikin da sauƙi yau, ta ɗan sha," in ji ta. "Kai dai kada ka matse tabarmar da roba."

Ya ɗaure tabarmar sako-sako a bayan keke, ya kama hanya. Yana tuƙi yana miƙa hannu baya yana shafa ta. Kowace gargada sai gabansa ya faɗi. A daidai ƙauyen surukansa kuwa ƙaya ta gama da tayar baya.

Ya bar keken wurin mai faci, ya kwance tabarmar. Ya so ya saka ta a hammata, ya tuna matsi. Ya so ya ɗora a kafaɗa, ya ga za ta lanƙwashe. Sai ya tallabe ta a kan hannuwansa biyu, a kwance, ya nufi inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Don kada gaisuwar surukai ta ci masa lokaci, ya bi ta bayan gari. Bawan Allah bai tuna cewa hanyar bayan gari ita ce ta maƙabarta ba, bai kuma lura gefen farin yadin ya leƙo ta bakin tabarmar ba.

Masu noma suka gan shi: sauri yake, fuska a murtuke, ko sallama babu. Kowa a yankin ya san abin da ake ɗauka haka. Wani dattijo ya ajiye hauya ya bi bayansa yana salati, wasu suka biyo. Manu bai waiga ba, idonsa na kan rana da ke ƙara tashi.

Wani kuka ne ya tsayar da shi. Ƙande ce, mahaifiyar Rahina, ta ratso gero a guje, ba takalmi, ba ɗankwali. Matar da tun ranar ɗaurin aure kunya ba ta bar ta ta dubi fuskarsa ba, yau ta zo har gabansa.

"Ba ni ita," ta ce. "Ba ni in gan ta kafin a rufe. Na farkon ma ba a jira ni ba."

"Inna, ba haka..."

Kafin ya ƙarasa ta karɓe tabarmar ta rungume a ƙirji da duk ƙarfinta. Manu ya ji sitaci yana ƙaras-ƙaras a ciki. Hannunsa ya tashi zai ƙwace, ya kasa. Ya san sarai abin da ke cikin tabarmar, amma sai tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba duk safiyar. Ya bar ta har ta ji da kanta cewa babu nauyi.

Aka warware. Riga ce. Dattijon ya juya baya kafaɗunsa na rawa don dariya. Ƙande ta zauna daɓas a kan kunyar gero, ta rufe fuska da rigar tana kuka tana hamdala, sannan ta tuna surukinta ne a tsaye, ta miƙa masa ba tare da ta ɗago ba.

A bayan biro ya saka ta. Karaya ta ratsa ƙirji, ga tabon hawaye da kwalli a kafaɗa. Shugaban sarbis ya dube shi daga wuya zuwa ƙafa.

"Mushe Manu," ya ce da irin Faransancinsu na biro, "a cikin rigar ka kwana?"

"A'a, ranka ya daɗe. Rungume ta aka yi."

Tarbar baƙi ta tafi wurin abokin aikinsa Usaini, wanda gidansa ke bayan kasuwa. Manu ya yi masa barka, ya fita gindin dalbejiya ya kira Rahina. Ta fara tambayar yadda rigar ta isa, ya katse ta.

"Kara wa Ruma'isa salular a baki," ya ce. "So nake in ji kukanta."