Tayoyin Motar Suruki

Na'Allah yana kwance a ƙarƙashin motar ya ga tsagewar. Ya shiga ne don ya ƙara ɗaure sabuwar salansa, fitilar wayarsa ta haska cikin tayar baya, sai ga wani siririn layi ya bi gefen robar. Ya sa farce, farcen ya shige. Ya mirgino waje ya duba lambar shekara a jikin tayar. Shekararta tara da ƙerawa. Ta ɗaya gefen kuma goma.

Shekara talatin yana aikin kanikanci a bayan Ƙofar Marke, hannunsa bai taɓa sauka a kan mota irin wannan ba. Ja ce, mai ƙofa biyu, ƙirar Amurka, a kan injinta akwai abin da ake kira sufacaja, wata na'ura mai ɗura wa inji iska da ƙarfin tsiya. Yadda ta zo daga Kwatano ma ta isa ta razana mutum, amma mai ita bai ƙoshi ba. Ya sa aka kawo masa ƙaramin fuli don na'urar ta riƙa juyawa da sauri, da sabon bel, da manyan injekta masu fesa mai. Ya ɗauko wani mai kwamfuta daga Kaduna, ya kwana biyu yana danne-danne, ya miƙe ya ce yanzu motar tana da ƙarfin dawaki ɗari bakwai. Duk wannan ƙarfi a kan tayoyin gwanjo da aka shafa wa mai, suna ta sheƙi.

Da motar wani ce, da tuni Na'Allah ya kira shi ya wanke shi tas, don ba ya tauna magana a kan aiki. To amma mai motar Ja'afar ne, mijin Atika, 'yarsa ta fari. Wata takwas da auren, abin da ya taɓa shiga tsakaninsu bai wuce gaisuwa ba: Ja'afar ya tuɓe takalmi ya durƙusa, Na'Allah ya amsa yana kallon wani gefe. Duk maganar motar ta bakin Gambo take bi, tsohon abokin aikinsa, mutumin kirki mai laushin harshe, wanda ko kare ne ya ci masa tuwo sai ya ba shi haƙuri.

Ranar Talata Na'Allah ya ja shi gefe.

"Ka hwaɗa mai tayun baya sun mutu. Kash shi hau titi da su. In yat taka totur cikin zahin ga, hwashewa za su yi."

"An gama, Oga," in ji Gambo.

Ranar Alhamis bayan azahar, cikin zafin Afrilu da ke sa kwalta ta yi laushi, keke napep ya tsaya a bakin gareji. Ja'afar ya fito cikin farar shadda. Bayansa kuma Atika ce, tana gyara mayafi tana dariya. Na'Allah ya amsa gaisuwarsu sama-sama, ya koma cikin rumfa kamar mai neman sifana. Daga can ya leƙo ƙasan motar. Tayoyin nan ne dai, ba a canza ko ɗaya ba, sai ma wani tauri da suka ƙara.

Ya yafito Gambo.

"Mi kac ce mai?"

"Nic ce mai Baba ya yaba mota ƙwarai, ya ce dai a riƙa lura da taya."

"Lura da taya?"

"Shi na yas sa mai hwaci yaƙ ƙara musu iska jiya." Gambo ya sosa ƙeya. "Oga, ƙaƙa za ni dubi surukinka in ce mai mushe yas sawo? Ai da kunya."

Na'Allah ya ji kamar ya shaƙe shi. Taya mai tsaga, an cika ta da iska fam, za a ɗora ta a kan kwalta mai tafasa. A waje kuwa Ja'afar yana gaya wa kanikawan da suka kewaye motar cewa hanyar Kwalkwalawa zai bi, inda titi ya miƙe bayan gada, yau sai ya ga allura ta taɓa ɗari biyu. Ya kuma yi wa amarya alkawari ita ce za ta fara shiga.

"Tahi yanzu," in ji Na'Allah. "Hwaɗa mai yadda nih hwaɗa maka. Kak ka rage komi."

Kafin Gambo ya isa, an tayar da inji. Ƙasa ta girgiza, kwanon rumfa ya ɗauki kaɗawa, a saman rugugin kuma na'urar nan tana wani siririn kuka mai shiga haƙori. Atika ta zauna ta ja ƙofa. Na'Allah yana kallon Gambo ya sunkuya a taga, yana murza hannu, yana murmushi, yana nuna baya da ɗan yatsa. Ja'afar ya gyaɗa kai, ya ɗaga masa babban yatsa. Ko bai ji ba ne, ko kuma Gambo ya sake zuba wa maganar zuma, Allah kaɗai ya sani.

Mota ta fara gangarawa zuwa ƙofar gareji.

Na'Allah bai san lokacin da ya fito daga rumfa ba. Ya fara da tafiya, ya ƙare da gudu, takalminsa ɗaya ya tsaya a baya. Ya sha gaban motar ya tsaya a tsakiyar ƙofa. Ja'afar ya taka birki, hancin motar ya tsaya dab da gwiwarsa, zafin injin yana bugun ƙafafunsa.

Ta cikin gilashi ya ga surukinsa ya sunkuyar da kai. Ya buɗe baki zai yi masa magana, wallahi ya buɗe, amma harshen ya ƙi. Kalma ɗaya ce, taya, ta maƙale masa a wuya. Sai idonsa ya koma kujerar gefe.

"Atika!"

Tun ranar da aka raɗa mata sunan bai taɓa furta shi ba, don 'yar fari ce. Shekara ashirin da uku yana ce mata "ke" ko "yarinyag ga". Ta ɗago a firgice kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi.

"Hito."

"Baba?"

"Nic ce ki hito."

Ta buɗe ƙofa ta fito. Ya kama wuyan hannunta ya ja ta gefe, can nesa da motar, har jikin bango. Da ya ji ɗumin hannunta a cikin nasa, wani sanyi ya sauko masa tun daga ka har tafin ƙafa, ya ce alhamdu lillahi a fili. Bai lura ya bar wa motar hanyar fita a buɗe ba.

Ja'afar kuwa abin da ya gani daban ne. A gaban kanikawa fiye da goma, da mai faci, da masu wucewa, uban matarsa ya tare shi ya fitar da 'yarsa daga motarsa. Bai dubi Na'Allah ba, don ba zai iya ba. Gambo ya duba, idonsa ya yi ja.

"Malam Gambo, laihin mi niy yi?"

"A'a, ai ba komi, Alhaji," in ji Gambo. "Ka dai san manya..."

Kunya ta gama cin yaron, ba abin da yake so illa ya ɓace daga wurin. Ya taka totur. Tayoyin baya suka yi ƙara suka watsa tsakuwa, motar ta yi tsalle ta hau titi, ta bar warin ƙonanniyar roba.

Atika ta juyo. "Baba, mi ag ga motag ga?"

"Taya. Tayun baya sun tsage."

"Ka hwaɗa mai?"

Na'Allah ya kau da kai.

"Baba, ka hwaɗa mai?" Ta fizge hannunta. "Ka hidda ni. To shi hwa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta zazzage jakarta a ƙasa, ta ɗauki waya, yatsunta suna kuskure lambar har sau biyu. Daga nesa ana jin kukan na'urar yana ƙara sama, yana ƙara nisa, ya nufi wajen gada. Na'Allah ya karɓe wayar daga hannunta ya manna a kunnensa da hannu biyu, baƙin mai yana ɓata gilashin.

"Ja'afar, tsaya," yake cewa. "Ja'afar, ɗana, ni na. Tsaya, taya ta. Don Allah tsaya."

Wayar tana ta ƙara, ba a ɗauka ba tukuna.