Tabo a Tafin Ƙafa

Kafinta ne ya fara ganin tabon. Wata ranar hutu matarsa ta miƙe ƙafafu a kan tabarma tana ƙorafin keken ɗinki ya gajiyar da ita, shi kuma yana shafa mata man zafi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗigo baƙi a tafin ƙafarta ta dama, kusa da diddige. Bai kai ƙwayar wake ba. Ya ɗauka datti ne, ya sa yatsa ya murza, bai fita ba.

Ita ba ta iya ganinsa. Gwiwarta ta daɗe da ƙin lanƙwasawa, idonta kuma sai da tabarau take zura zare a allura. Saboda haka duk abin da ta sani game da tabon, daga bakin mijinta ta ji shi.

Likitan unguwarsu ya duba da gilashin ƙara girma, ya daɗe yana dubawa. Daga baya ya ce zai tura su wurin likitan fata a babban asibiti, amma layin yana da tsawo.

"Kafin lokacinku ya zo, ka riƙa ɗaukar hotonsa duk mako, da abin awo a gefensa," in ji likitan. "Muddin bakinsa a zagaye yake, launinsa ɗaya, ku jira. In ka ga bakin ya fara karkacewa, ko launin ya rabu biyu, kada ku jira kowa. Ku tafi a ranar."

Bai faɗi sunan ciwon da yake zargi ba. Kafinta ma bai tambaya ba, don yana tsoron amsar.

Hotunan da ya ɗauka da tsohuwar wayarsa duk dishi-dishi suka fito. Da ya kai wa likita, sai ya girgiza kai ya ce a nemi 'yar ƙaramar kyamara mai gani kusa. Abin da ya kai su shagon kayan lantarki ke nan da hantsi, ita a gaba tana ɗingishi kaɗan, shi a baya da tef ɗin awonsa a aljihu.

Mai shagon mutum ne mai ƙiba da fara'a, irin wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Da ya ji abin da suke nema, ya buɗe akwatin gilashi ya fito da kyamara biyu ya jera a kan kanta. Ɗaya ja ce, siririya, tana ƙyalli, za ta shige aljihun riga ba a sani ba. Ɗayar baƙa ce, ta ɗan fi kauri, ba ta da wani ado.

"Kuɗinsu kusan ɗaya ne," in ji shi. "Jar nan ita mata suka fi saye. Batirinta yana daɗewa, allonta ya fi faɗi, kuma Hajiya, in ta ɗauke ki, sai Baba ya ɗauka sabon aure ya yi."

"Ka ji shi ko, Malam?" ta ce da mijinta tana dariya. "Ai kuwa da ka huta da kallon tsohuwa."

"Baƙar fa?" Kafinta ya tambaya.

"Baƙar ba ta da hanzari, batirinta ma yana saurin sauka. Amma ka ga wannan alamar furen? In ka danna ta, ko ƙafar tururuwa ka sa mata za ta ƙirga maka gashinta."

Kafinta ya roƙi a ba su kujera. Ya gaya wa mai shago gaskiyar abin da ya kawo su, a taƙaice, da murya ƙasa-ƙasa. Fara'ar mutumin ta ragu. Ya jawo kujera zuwa bakin ƙofa inda haske ya fi, ya juya baya kamar yana gyara kaya.

"Yau na ga ta kaina," in ji matar tana cire takalmi. "Wasu fuska suke kawowa a ɗauka, ni ƙafa na kawo."

"Yi haƙuri, Tela. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Tela yake kiranta tun suna da ƙuruciya, har yaransu suka tashi suna zaton sunanta ke nan. Ya durƙusa, ya ɗora ƙafar a kan gwiwarsa, ya riƙe diddigen da hannun hagu, ya manna tef ɗin awo a gefen tabon da babban yatsa. Ya fara da jar. Ta yi 'yar ƙara mai daɗi, hoto ya fito nan take.

Ya duba allon, sai ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Tafin ƙafar ya fito sumul kamar na jariri. Tabon yana nan, amma ɗan ƙarami, a zagaye, launinsa ɗaya, kamar an ɗiga shayi a kan zane.

"Kawo in gani," in ji ta. Ta sa tabarau ta kai allon kusa da hanci. Wannan ne karo na farko da ta ga abin da ya hana gidansu sukuni. Ta dube shi, ta sake dubawa, sai ta fashe da dariya har da dafa ƙirji. "Wannan ne? Haba Malam! A kan wannan ɗan abin kake tashi kana zagaye ɗaki kamar kazar da za ta yi ƙwai? Alhamdu lillahi. Ɗan nan, naɗe mana jar."

Rabon da ya ji dariyarta irin wannan tun kafin su je wurin likita. Har ya buɗe baki zai ce a naɗe, sai ya sake kallon hoton, idonsa ya sauka kan babban yatsansa da ke riƙe da tef. A yatsan nan akwai tsohon tabon zarto, fari, mai tudu, tun yana koyon aiki. Ya kalli yatsan a zahiri, ga tabon nan. Ya kalli allon, babu shi. Yatsan ya fito santsi kamar bai taɓa riƙe katako ba.



"Mai shago, zo ka gani. Ina tabon yatsana ya tafi?"

Mutumin ya leƙo. "Au, ai aikinta ke nan, Baba. Da kanta take gyara fata, ta share ƙuraje da tabo. Ana iya kashe wannan, amma ko an kashe ba ta gani kusa sosai. In ka matsa mata sai ta rikice."

Kafinta ya ajiye jar a hankali, kamar wanda ya ɗauki garwashi bai sani ba. Ya ɗauki baƙar, ya danna alamar furen, ya sake durƙusawa. Hannunsa na rawa, shi da yake yanka katako a kan layin fensir ba ya kaucewa. Ya jingina gwiwar hannu a cinya, ya riƙe numfashi. Kyamarar ta yi ta nema, idonta yana shiga yana fita, sannan ta tsaya.

Hoton ya fito tar. Ga layukan fata kamar zanen katako, ga lambobin tef ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ga tabon kuma. Bakinsa ba a zagaye yake ba. Ta gefen diddige ya yi wani ɗan reshe, kamar tawada ta bi zaren yadi. Tsakiyarsa baƙi ne wuluk, gefe ɗaya kuma ya koma ja-ja.

Duk abin da likita ya ce a kula da shi, ga shi nan a allo ɗaya.

Kafinta ya ji kunnuwansa sun toshe. Hayaniyar titi ta yi nisa, fankar shagon tana juyawa amma ba ya jin iskarta. Ya kifa allon a ƙirjinsa. Matarsa tana ƙoƙarin mayar da takalmi, tana tambayar mai shago ko jar tana da jaka, don in jikarta ta zo hutu za ta ɗauke ta a gaban keke.

A zuciyarsa ya ce, me zai hana a sayi jar? Su koma gida da dariyar nan, ta ci abinci da daɗi, ta yi barci. Layinsu a babban asibiti ai zai zo. Wataƙila ma baƙar ce take ƙara gishiri, wataƙila reshen nan inuwa ce. Ya juya ƙafar wajen haske ya ce zai sake gwadawa. Ya sake ɗauka. Reshen bai gusa ba.

"Malam," in ji ta. Dariyar ta bar muryarta. "Me ya sa kake ɓoye wannan?"

"Ba komai. Bai fito da kyau ba ne."

"Shekara nawa muna tare? In ka ce ba komai kana kallon ƙasa, na san akwai komai. Ƙafata ce ko taka? Miƙo."

Ya miƙa mata. Ta gyara tabarau. Wannan karon ba ta daɗe tana kallo ba. Ta sa farce a kan allon, daidai kan reshen, kamar yadda take nuna wa masu kawo ɗinki inda yadi ya fara yagewa.

"Wannan ce karkacewar da likita ya faɗa?"

"Ita ce."

"Da launi biyun?"

Ya gyaɗa kai.

Ta juya ta kalli jar kyamarar da ke ƙyalli a kan kantar shagon, allonta har yanzu yana nuna ƙafar nan mai santsi. Ta daɗe tana kallonta. Leɓenta yana motsi, tana addu'a a ciki.

"Ni ma na so ta," ta ce a hankali. "Amma mai gyaran ƙarya ba ta yi mana ba. Ɗan nan, baƙar za mu ɗauka. Kada ka goge hotunan da ke ciki."

Mai shago bai yi wani barkwanci ba. Ya sa sabon batir, ya nuna wa Kafinta inda zai danna ya kira hoton idan likita ya nema, ya maimaita masa har ya tabbata ya gane. Ya rako su bakin ƙofa yana cewa Allah ya sawwaƙe, Allah ya sa an tari abin da wuri.

A bakin titi Kafinta ya tsaya da leda a hannu. Motar unguwarsu ta zo ta tsaya a gabansu, direba yana kiran fasinja. Ya dubi matarsa.

"Ko mu fara zuwa gida ki ɗan huta, in ya so da yamma..."

"In na shiga ɗakin nan na zauna, tsoro ba zai bar ni in sake fitowa ba," in ji ta. "Kai ma na ga yadda hannunka ya yi rawa a shago. Bar ta ta wuce."

Motar ta wuce. Suka tsallaka titi a hankali, yana tare mata ababen hawa da hannu ɗaya. A ɗaya gefen, da motar babban asibiti ta ɓullo, ita ce ta ɗaga hannu ta tsayar da ita.